Ramuka Huɗu a Ƙofar Arlys Rustad

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a karkarar Rolvig, nan Dakota ta Arewa, mil ɗari da goma kowace rana ban da Lahadi. Na san wanda 'ya'yansa suka manta da shi, na san wanda asibiti ke yawan rubuto wa, kuma ban taɓa buɗe baki ba. Bara aka binne Arlys Rustad. Fasto ya ce ta koya wa rabin garin nan karatu, ba wadda ta kai ta iya murza lefse, siririyar gurasar dankalin da muke yi a nan, kuma ba ta taɓa fashin coci ba. Duk gaskiya ne. Ni dai ina zaune a layi na uku, hannuna cikin jaka yana taɓa wata safar hannu da ba tawa ba, ina jin kamar in miƙe in ƙarasa masa sauran.

Dole in fara da ƙofar, don ta nan ta shigo gidan tun farko. Mu nan, daga watan Nuwamba har ƙanƙara ta narke, ba a kulle zauren gidan gona. Ba doka ba ce, haka muka taso muka gani. A bar bargo a kan benci, da ashana, da 'yar hita ta ɗumama wuri, a bar fitilar tsakar gida a kunne in guguwa ta taso. Wanda motarsa ta kafe ba sai ya ƙwanƙwasa ba, murɗawa kawai zai yi ya shiga. Mutum yana iya gaba da makwabcinsa shekara ashirin a kan iyakar gona, amma ba zai kulle masa zaure a watan Janairu ba.

Arlys tana da shekara ashirin a 1966, sabuwar malama a makarantar ƙauye mai aji ɗaya, lokacin da guguwar watan Maris ta ritsa da ita a hanya. Motarta ta zurma rami. Ta bi shingen waya da laluben hannu, sanda bayan sanda, har ta ci karo da wata ƙofa, ta tura ta buɗe. Masu gidan suna can ɗakin shanu sun maƙale, ba su ma san an shigo ba. Da Duane Rustad ya samu ya dawo, sai ya tarar da budurwa naɗe cikin bargon karensa tana cin biskit ɗinsa. Yatsun ƙafa biyu ta rasa a ranar, ta samu miji.

"Ni ba neman aurena aka je ba," in ji ta duk sanda aka zauna shan kofi. "Tsinta ta aka yi a zaure kamar 'yar kyanwa."

"Kyanwar da ta cinye mini biskit ta kuma ƙi tafiya," Duane ya ƙarasa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Signe, kuma ta haddace labarin nan tun kafin ta iya ɗaura igiyar takalmi. Ta karanci aikin jinya, ta tafi Meksiko da niyyar wata shida, ta haɗu da wani malamin lissafi mai suna Eliseo a birnin Mérida, shi ke nan zama ya kama ta. A shekarar da ta haifi 'yarta Itzel, zuciyar Duane ta tsaya yana kan tarakta. Gidan ya yi tsit. Arlys ta kunna talabijin don ta ji muryar ɗan Adam, daga nan ba ta ƙara kashe shi ba. Tashar labarai ce, irin wadda ba ta hutawa. Duk sanda na kawo mata abin da ya fi ƙarfin akwatin wasiƙunta na bakin hanya, tun daga nesa nake hango shuɗin haskensa a tagar kicin, da rana tsaka.

"Verna, kin ga abin da ya faru a Meksiko?" Haka take tarbata, ko gaisuwa babu.

"Ina kwana, Arlys. Lafiya lau nake, na gode da kika tambaya."

"Ke bar shirme. Gawar mutum tara aka tsinta a gefen hanya."

Akwai taswira manne a jikin firjinta. Na sa ta nuna mini garin, na auna da ɗan yatsa zuwa Mérida, ya fi nisan da ke tsakaninmu da Texas.

"Ai dai ƙasa ɗaya ce," ta ce.

"Ke ma ƙasarku ɗaya da Chicago. Sau nawa aka harbe ki?"

Ta harare ni, ta zuba mini kofi. Ba ta da wauta, wannan nake so a gane. Mace ce da ta yi shekara talatin da huɗu tana koya wa yara su tambayi wa ya faɗa, kuma a ina ya gani. Amma wanda yake gaya maka abu ɗaya tun safe har yamma, a cikin kicin ɗinka, da murya mai daɗi da riga mai guga, wata rana sai ka daina tambayarsa. Signe ta matsa mata ta yi fasfo, ni na kawo shi da hannuna. Sau biyu tana haɗa kaya, sau biyu talabijin yana kwance mata su. Fasfon ya koma cikin aljihun cokula.

Abin dariyar, can ma akwai wata tsohuwar da nata talabijin. Doña Chela, mahaifiyar Eliseo, ita ke rainon Itzel in iyayen sun tafi aiki. Abin da ake nuna mata game da mu kuwa, yara ne suna fitowa daga makaranta hannu a ka bayan an yi harbi, da motocin asibiti a ƙofar kanti. Ta rantse jikarta ba za ta taka Amurka ba tana raye. Eliseo ba ya tsallake maganar uwarsa. Signe ta zo sau biyu, ita kaɗai.

"Wai ƙasarmu ce babu lafiya," Arlys ta ce mini, cikin haushi. "Nan? Wa aka taɓa harbewa a Rolvig in ba barewa ba?"

"Ga ki ga 'yar'uwarki," na ce. "Kamata ya yi a haɗa ku ɗaki ɗaya, a ba ku talabijin biyu, ku yi ta tsorata juna."

Ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Jikarta a cikin waya kawai ta san ta, ranar Lahadi bayan coci. Kowane mako yarinyar tana koya mata kalma ɗaya ta yarensu, ita kuma ta rubuta a takarda ta manna kusa da taswira. "Shekara shida, Verna," ta ce. "Ban san ƙamshin kanta ba. Ba na son in mutu ban sani ba." Abin da take so a duniya ke nan, ba ta da wani na biyu.

A kakar shekarar nan tashar ta samu wani labari ta riƙe. A wata jiha mai nisa, wani mutum ya je gidan gona ya ce motarsa ta lalace, tsofaffi biyu suka buɗe masa, ya kashe su. Kwana tara ana nuna ƙofar gidan nan. A nuna ta da safe, a nuna ta da rana, a kawo masana su zauna su yi ta bayani a kanta, tsakanin bayani da bayani kuma a sako tallar sakata. Ranar da na kawo wa Arlys wani ɗan kwali mai nauyi, na san abin da ke ciki tun kafin ta yanke shi.

"A zaure za ki sa?" na ce. "Da Duane na nan da ya jefa abin nan rijiya."

"Duane ba ya nan. Zamani ya canza."

"Zamani ne ya canza ko tasha?"

Ta ɗauko sukudireba. Yatsunta sun riga sun kumbura da ciwon gaɓɓai, ta yi ta fama da sukudireba yana suɓucewa. Na gaji da kallo, ina kuma sauri, na karɓa na ɗaura mata notikan guda huɗu. Ban fi minti biyar ba. Har na gwada sakatar sau biyu na ce mata ta yi kyau. Kuma in zan faɗi gaskiya duka, nawa gidan a cikin gari ya fi shekara uku da irinta, don ni ma ina kallon labarai in na dawo aiki. Bayan na tafi ta sa wa gareji kwaɗo, ta sa wa tsohon ɗakin shanu.

Mako na uku na Janairu, ranar Alhamis, guguwa ta sauko kafin azahar. Aka kira mu muka koma gidan waya da rabin wasiƙu. Hanya ba ta buɗe ba sai Asabar. Akwatin Arlys ya nutse, sai na taka har gida, ƙanƙara iya gwiwa. A hannun ƙofar zauren akwai safar hannu guda, ta fata, rawaya, irin ta masu aikin gona, ta daskare a jikin ƙarfen kamar an liƙa ta. Na ɓamɓare ta na cusa a aljihu, a zatona ta mai kawo gas ce. Na ji ana zare sakata. Arlys ta karɓi wasiƙu ba ta dube ni ba, kuma ba ta tambaye ni ko na ga abin da ya faru a Meksiko ba.

"Lafiya?" na ce.

"Mura ce."

Da la'asar ranar, Orrin Bakke makwabcinta yana share hanya da tarakta, ya hango mutum zaune jingine da itace a layin itatuwan da Duane ya dasa don tare iska, taku ɗari biyu daga bayan gidan. Sunansa Fidencio Morales, shekara talatin da huɗu, yana tatsar shanu a wata gonar madara mil tara daga nan. Na san shi. Yakan shigo gidan waya ya aika wa 'yarsa kati, ya ɗaga mini hula. Motarsa tana cikin rami kusa da inda ta Arlys ta zurma a 1966. Ina shagon kofi Orrin yana ba da labari, har ya zo wurin da ya ce, "Abin da ya tsaya mini a rai, hannunsa ɗaya babu safa." Kofina bai ƙare ba na tashi.

'Yan sanda sun tambayi Arlys, ta ce ƙarar iska ba ta bar ta ta ji komai ba. Suka rubuta cewa ya ɓace hanya bai kai ga gida ba. Tasharmu ta nan ta ba shi lokacin da bai isa a ɗaura takalmi ba, tsakanin hasashen yanayi da ƙwallon kwando. Babbar tashar Arlys ko sunansa ba ta ambata ba, tana can kan wani rikici a ƙetare.

Ranar Litinin na shiga kicin ɗinta ban jira an ce in zauna ba, na ajiye safar a kan tebur. Ta daɗe tana kallonta.

"Ƙarfe uku da 'yan mintoci ne," ta ce. "Bai ƙwanƙwasa da farko ba, Verna. Murɗa hannun ƙofar ya yi."

"Ai haka ake yi."

"Na sani. Wani ya gaya masa yadda muke yi. Amma ni da na ji ana murɗawa, ƙofar can na gani, ta cikin talabijin. Na leƙa ta taga, fuska a naɗe, ido kawai. Sai ya fara bugawa yana magana da yaren Eliseo." Ta ɗaga hannu ta nuna takardar da ke jikin firji, ba ta juya ba. "Kalma ɗaya na gane. Itzel ta koya mini ita kafin Kirsimeti. Sanyi yake cewa."

"Sai kika yi me?"

"Sai na ƙara sautin talabijin."

Ta ce ya kai minti goma. Ta ji ya je gareji ya jijjiga kwaɗon, daga nan ba ta ƙara jin komai ba sai iska. Na so in zage ta, wallahi har maganar ta zo bakina. Sai idona ya kai kan sakatar ta ƙofar kicin da ke buɗe, na ga kan notikan nan huɗu suna sheƙi.

"Signe fa?" na ce.

"In Signe ta ji, Eliseo ya ji. In Eliseo ya ji, ke ma kin san sauran."

Na ɗauke safar na mayar aljihu. Ba ta ce in ba ta ba, ni ma ban san wa zan kai wa ba.

Da wuƙar shafa man shanu ta kwance sakatar, ita kaɗai, kwana biyu tana yi. Ba ta toshe ramukan ba. Ta mayar da bargo kan benci, ta sa hita, ta ƙara da fulas ɗin kofi da take sabuntawa kowace safiya tana zubar da na jiya. Talabijin ta kai shi gwanjon coci. Gidan ya koma tsit kamar bayan rasuwar Duane, sai dai yanzu shirun yana da abin da ke cikinsa. Ta ce mini in iska ta taso sai ta ji ana murɗa hannun ƙofar. Ta fito ta buɗe, ta tsaya a bakin zaure tana duban layin itatuwa har sanyi ya kore ta. Sau da yawa nakan hango ta haka daga bakin hanya, da rigar gida kawai, ƙarfe uku na rana.

A watan Maris na tarar da ita tsaye jikin akwati tana jirana.

"Doña Chela ta yarda," ta ce. "Za su zo a Yuli, su uku."

Na ce Allah mun gode, na fara murna, sai na ga fuskarta.

"Kin san me ya sauko da ita? Suna cin abinci Signe ta ba ta labarin yadda na shigo gidan nan. Ta gaya mata yadda ba ma kulle zaure, da bargo, da ashana, da fitila. Wai sai tsohuwar ta ce mutanen da ke bar wa baƙon da ba su sani ba ƙofa a buɗe, za ta iya ba su aron jikarta mako biyu." Ta yi wata 'yar dariya da ban so ji ba. "Shekara shida tana kallon talabijin, Verna. Ƙofata ce ta rinjaye shi."

Daga Afrilu tutar akwatinta ta fara tashi. A aikinmu, in ka ga 'yar jan tutar nan a tsaye, akwai wasiƙar fita, dole ka tsaya. Na tsaya, na buɗe, babu komai. Washegari ma haka. Sai na lura, in na karyo kwanar gonar Orrin, nakan hango ta tana komawa gida da sauri, hannu ɗaya cikin aljihun riga. Ya fi sau arba'in ina tsayawa a gaban akwatin nan ina sauke tuta a kan iska. Wata rana na ƙule, na bi ta har gida.

"Arlys, ko ki saka wasiƙar ko ki bar tutar nan ta huta. Birkina ya gaji."

"Kullum ina sakawa," ta ce. "In na ji ƙarar motarki sai in tuna jikata, sai in ciro."

"To ki ƙona ta. Mutumin ba zai dawo ba, ko kin rubuta wa Signe gaskiya ko ba ki rubuta ba. Ki bari ki ga jikarki."

Shawarar da na ba ta ke nan, kuma ba don ita kaɗai na ba ta ba. Ban so a zo kan wanda ya riƙe sukudireba.

Suka zo ranar Litinin ta biyu a Yuli, alkama ta fara ja. Washegari Arlys ta sa na shigo shan kofi. Na tarar da ita zaune da yarinyar a cinya, hancinta cikin gashin kanta, ido a rufe. Ban taɓa ganin mutum ya samu abin da yake so ƙarara haka ba, har na kau da kai. Eliseo mutum ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ni kujera. Signe ta ce, "Anti Verna, har yanzu kina tuƙi kamar ana bin ki?" Na ce mata ita ma har yanzu bakinta bai mutu ba.

Can Itzel ta zame ta ruga zaure. "Kaka, wannan ce ƙofar da ba a kullewa?"

"Ita ce."

"Kakata ta can ta ce a ɗauko mata hoton ƙofar."

Eliseo ya ciro waya, muka fito duka. Yarinyar ta shafa bargon, ta jijjiga fulas, ta murɗa hannun ƙofar ta ciki da ta waje. Sai ta ɗaga ƙafa ta cusa ɗan yatsa a ɗaya daga cikin ramukan.

"Wannan fa? Wa ya huda?"

Signe ta matso. "Mama, yaushe aka yi wannan? Ban san shi ba."

"Maratayin riguna ne ya karye," na ce, da sauri har muryata ta ba ni kunya.

Arlys ta dube ni, ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba. Eliseo ya ce su tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar, aka ɗauka, ya aika wa mahaifiyarsa nan take. Kafin in gama kofina amsa ta dawo, ya fassara mana yana murmushi: wai a gaishe da mutanen kirki.

Ranar Laraba tuta tana tsaye. Na tsaya kamar kullum, na zura hannu don in cika ƙa'ida, sai na taɓa ambulan. Sunan Signe ne a jiki, da adireshin gidan nan da take kwana a cikinsa, da kan sarki a manne. Wasiƙar da ta shiga akwati da kan sarki ba a miƙa ta hannu da hannu. Sai ta je birni an buga mata hatimi ta dawo, kwana biyu ke nan. Arlys ta san wannan sarai, ta yi shekaru tana jin ina ƙorafi a kai. Ta kasa faɗa da baki, ta kasa ci gaba da yin shiru, sai ta bar wa kanta kwana biyu.

Na tsayar da mota bayan gonar Orrin na daɗe. Safar tana ƙarƙashin kujerata tun Janairu, akwai wurin ambulan kusa da ita. Babu wanda zai sani. Amma shekara ashirin da bakwai ke nan a lokacin ina aikin nan, ban taɓa riƙe wasiƙar kowa ba, kuma ba tawa ba ce da zan yanke mata hukunci. Na jefa ta cikin buhun fita.

Alhamis na wuce na gan su a tsakar gida, an fito da tebur, Arlys tana koya wa yarinyar murza lefse, gari har gira. Suka ɗago mini hannu. Juma'a wasiƙar ta dawo. Na saka ta a akwati, na ja mota a hankali, ina kallo ta madubi. Signe ce ta sauko ɗauka, riƙe da hannun Itzel. Ta juya ambulan ɗin tana dariya, ta farke. Ta karanta a tsaye. Ta sunkuya ta ce wa yarinyar wani abu, yarinyar ta ruga gida. Ita kuma ba ta bi ta ba, ta ratsa ciyawa ta nufi layin itatuwa.

Ranar Lahadi suka tafi, saura mako guda a cikin hutunsu. Arlys ta ce ba a yi faɗa ba. Eliseo ya ba ta hannu, ya gode mata da masauki, ya tambaye ta abu ɗaya tak, ko ta san sunan garin mutumin. Ba ta sani ba. Ni na duba masa a gidan waya.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Signe ba ta daina kira ranar Lahadi ba, sai dai kiran ya gajarce, kuma takardar jikin firji ba ta ƙara tsawo ba. Itzel takan leƙo ta ce sannu Kaka, ta wuce. Wata rana na tambayi Arlys ko ta yi da-na-sanin wasiƙar.

"Kwana shida na riƙe jikata a jikina," ta ce. "Shi minti goma ya roƙa."

Ta kuma gaya mini ba ta sa sunana a ciki ba. Ban gode mata ba, na rasa bakin yi.

Signe ita kaɗai ta zo jana'iza. Bayan an watse na tare ta a bakin maƙabarta, na ciro safar, na gaya mata inda na same ta da wanda ya ɗaura notikan. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce Eliseo ya nemo iyalin mutumin tun shekarar, yana zuwa wurinsu, 'yar ta girma. Na miƙa mata safar ko zai kai musu. Ta dube ta, ba ta karɓa ba.

"In ce musu a ina aka same ta, Anti Verna?"

Na mayar jaka. Na tambaye ta Doña Chela, me ta ce da ta ji.

"Ba ta ji ba," Signe ta ce. "Eliseo ya ce mata tafiyar ce ta yi wa yarinya nisa. Hoton nan ta sa aka wanke mata shi, yana kan talabijin ɗinta har yau. In aka nuno wani harbi a Amurka, makwabta suka fara magana, sai ta ɗauko shi ta nuna musu. Ta ce ba duka ne haka ba, ga ƙofar kakar Itzel."